Rajistar da Babu Mai Amsawa



Kamar yadda da yawa daga cikinku suka sani, a dogon hutun da ya gabata mu huɗu daga wannan reshe muka sami gurbi a wata tafiyar ƙaro ilimi zuwa ƙasar Folan, tare da malamai daga wasu ƙasashe, domin ziyartar wuraren da aka killace Yahudawa, aka kwashe su, aka hallaka su a zamanin Yaƙin Duniya na Biyu. Da muka dawo, shugaba ya ce ba a cin tsaraba a ɓoye, lalle ne mu zo gabanku mu buɗe jaka. To ga mu, sai dai muna neman afuwa tun da wuri, domin tsarabar ba ta da zaƙi. Mun zauna mu huɗu mun haɗa abin da kowa ya rubuta a littafinsa, saboda haka abin da za ku ji bakinmu ne gaba ɗaya, ko da yake murya ɗaya ce za ta faɗe shi.

Bari mu fara da bayyana jahilcinmu. Kafin wannan tafiya, abin da muka sani bai wuce layi biyu ba, waɗanda muka haddace a kwalejin ilimi don cin jarrabawa: Hitila ya tayar da yaƙi a 1939, ya kuma kashe Yahudawa miliyan 6. Mun san kakanninmu sun je Bama sun yi wa Ingila yaƙi. Mun san kuma kusan kowace makarantar da muka bi akwai malamin horo da yara suke yi wa laƙabi da Hitila a bayan idonsa, wani ma idan ya ji sai ya ƙara ɗaga kafaɗa. Iyakar saninmu ke nan. Duk wanda ya koyar da lissafi a aji huɗu ya san yaro zai iya fitowa ya rubuta 6,000,000 a allo, sifili shida cif, a tafa masa, alhali bai taɓa ƙirga abin da ya wuce ɗari biyu da hannunsa ba. Irin wannan sani muka tafi da shi.

Abin da ya fara ba mu mamaki a Warso, babban birnin ƙasar, shi ne babu abin gani. Mun zaci kango za a kai mu, sai muka tarar da dogayen benaye na gilashi, da shagunan shan gahawa, da uwaye masu tura jarirai a keke. Jamusawa sun ƙone unguwar Yahudawa ƙurmus a 1943 suka baje ta, suka rushe mafi yawan sauran birnin a 1944, bayan yaƙi kuma aka gina sabbin gidaje a kan ɓaraguzan. Mai yi mana ja-gora, wata dattijuwa wadda ita ma tsohuwar malama ce, ta ce mu daina kallon sama, mu dubi ƙasa. A daɓen gefen titi akwai wani siririn layi mai rubutun ƙarfe, faɗinsa bai fi tsawon tafin ƙafa ba, wanda ke nuna inda katangar ta bi daga 1940 zuwa 1943. Mutane na ta tsallake shi da jakar cefane a hannu.

Samarinmu a yau suna kiran unguwarsu geto, har da alfahari, sun tsinto kalmar a waƙoƙin Amurka. Asalinta sunan wata unguwa ce a birnin Benis na Italiya, inda aka tilasta wa Yahudawa zama tun 1516. Amma geton Warso wani abu ne dabam. Kafin yaƙi Yahudawan birnin sun haura 350,000, wato kusan kashi ɗaya cikin uku na mazaunansa. Ranar 16 ga Nuwamba 1940 aka rufe su a bayan katanga mai tsawon mita 3, aka ƙara musu da waɗanda aka koro daga garuruwan kewaye, har suka haura 400,000 a fili da bai kai murabba'in kilomita 4 ba. Ɗaki ɗaya, mutum bakwai ko fiye. Abincin da hukuma ta yanka musu ba ya riƙe ran ko da jariri. Zuwa tsakiyar 1942, yunwa da zazzaɓin da ƙwarƙwata ke yaɗawa sun kashe fiye da 80,000, tun kafin a fara lodin jirgi.

An kai mu tsakar wani gida a titin Siyenna, inda wani guntun katangar ya tsira. Jan bulo ne kawai, kekunan mazauna gidan na jingine kusa da shi. A nan aka gaya mana cewa abin da ya riƙe ran unguwar shi ne abincin fasa-ƙwauri, kuma da yawa cikin masu shigo da shi ƙananan yara ne, domin su kaɗai ne jikinsu ke shiga ramukan da ke ƙarƙashin katanga. Su fita su yi bara ko su sayo dankali, su cusa a rigunansu, su sake rarrafowa. Wanda mai gadi ya gani, harbi ne ko duka. Wata malama a cikinmu, mai koyar da aji biyu, ta durƙusa ta auna da hannunta girman ramin da yaron ajinta zai iya bi. Ba ta ce komai ba, mu ma ba mu tambaye ta ba.

Tun farkon mamaya aka rufe makarantun Yahudawa. Sai a Satumba 1941 aka ba da izinin buɗe 'yan makarantun firamare kaɗan, waɗanda ba su ɗauki ko kusa da yawan yaran ba. To me malamai suka yi a tsakani? Sun fake da ɗakunan dafa abinci na yara. Hukuma ta yarda a ba yaro kwanon miya, sai malamai suka mayar da layin miya ya zama aji: yaro ya sha, ya zauna, a koya masa karatu da waƙa da tarihi, wani na bakin ƙofa yana duba hanya. Malamin kansa da yunwa yake, albashinsa sau da yawa shi ne kwanon miyar nan.

A ɗaya daga cikin waɗannan makarantu, mai lamba 68 a titin Nobolifki, aka yi abin da ya sa duniya ta san cikin geton daga bakin mutanensa, ba daga bakin waɗanda suka kashe su ba. Wani masanin tarihi mai suna Emanuwel Ringelblum, wanda ya yi shekaru yana koyarwa a makarantar sakandare, ya tara mutane 'yan gommai a asirce, malamai da marubuta da malaman addini, ya ce su tattara komai. Suna haɗuwa ranar Asabar, don haka suka sa wa ƙungiyar suna Oneg Shabbat, wato daɗin Asabar, domin ɓad da sawu. Sun tara katin rabon abinci, tikitin mota, takardar naɗe alewa, sanarwar hukuma, wasiƙu, bayanan waɗanda suka kuɓuto daga wuraren kisa, har da insha'in da malamai suka sa yara su rubuta game da abin da ya sami gidajensu. A farkon Agusta 1942, ana tsakiyar kwashe mutane, wani malamin makarantar mai suna Lihtenshtain da ɗalibansa biyu, samari 'yan ƙasa da shekara ashirin, suka cusa takardun a akwatunan ƙarfe goma, suka binne a ɗakin ƙarƙashin ginin. Kowannensu ya sa wasiyyarsa a ciki. Malamin bai roƙi yabo ba, ya roƙi a tuna da matarsa mai zane da 'yarsa wadda ba ta cika shekara biyu ba. A Fabrairu 1943 aka binne kashi na biyu a cikin manyan gwangwanayen madara guda biyu.

Cikin dukan ƙungiyar, mutum uku ne suka ga ƙarshen yaƙi. Da taimakonsu aka tono akwatunan a Satumba 1946, masu aikin gini kuma suka ci karo da gwangwanayen a Disamba 1950. Shafuka kimanin 35,000 suka tsira, kuma tun 1999 UNESCO ta sa su a jerin takardun da duniya ba za ta bari su ɓata ba. Mun ga ɗaya daga cikin gwangwanayen a Cibiyar Tarihin Yahudawa, ya yi tsatsa, tsayinsa bai kai ƙugu ba. A gabansa muka tuna da ɗakin ajiyar makarantunmu, inda gara ke cin rajistar shekara talatin da littafin tarihin makaranta, babu mai cewa uffan. Wannan dai tsokaci ne, mu koma kan hanya.

Mutumin da ya fi tsaya mana a rai shi ne Yanush Korcak. Sunansa na yanka Henrik Goldshmit, likitan yara ne kuma marubuci, wanda ya bar aikin asibiti a 1912 ya koma riƙon gidan marayun Yahudawa tare da wata malama, Sitefaniya Wilcinska. Ginin yana nan har yau, ya tsira daga yaƙi, mun shiga harabarsa. Yadda suka tafiyar da gidan zai ba ku mamaki, domin mu ya ba mu. Yara suna da majalisarsu da jaridarsu. Akwai akwati a bango wanda yaro zai jefa takarda idan yana da magana da ba ya iya faɗa da baki. Akwai kotu wadda alƙalanta yara ne, kuma mafi yawan sassan dokarta kan yafiya suke magana, ba kan hukunci ba. Yaro na da ikon kai ƙarar malami gaban wannan kotu, shi kansa Korcak ya gurfana a gabanta ba sau ɗaya ba. Babu bulala a gidan. Kowane mako yana auna nauyin kowane yaro ya rubuta. A 1926 ya kafa wata jarida ta mako-mako wadda yara ne ke rubuta ta, ake kuma sayar da ita a gari tare da jaridar manya.

Mun san abin da wasu ke faɗa a zuci: wannan sai Turawa, yaranmu ba sa ji sai da dorina. Mu ma haka muka ce da farko. Amma ku tuna yaran nan marayu ne na titi, 'ya'yan talakawa futuk, da yawa sun iso gidan da halin sata da faɗa. Ba 'ya'yan masu kuɗi ya gwada tsarinsa a kansu ba. Ra'ayinsa, wanda ya rubuta a wani ɗan littafi na 1929 game da haƙƙin yaro na a girmama shi, shi ne yaro ba mutumin gobe ba ne, mutum ne tun yau. Ba banza ba ƙasar Folan ce ta gabatar da shawarar yarjejeniyar kare haƙƙin yara a Majalisar Ɗinkin Duniya a 1978, aka amince da ita a 1989, Nijeriya ta rattaba hannu, har ta kai ga dokar haƙƙin yara ta 2003 da muke ta muhawara a kanta. Mun sha zama a bita kan wannan doka ba tare da mun taɓa jin sunan tsohon nan ba.

Da aka rufe geto, aka tilasta wa gidan marayun ƙaura zuwa ciki, yaran suka ƙaru zuwa kusan 200. Korcak ya haura shekara sittin, ga ciwo, ƙafafunsa a kumbure, amma kullum yana fita da buhu yana bin gidajen masu hali da ofisoshi yana roƙon abinci, wani lokaci da lallashi, wani lokaci da faɗa. Ya ci gaba da auna yaran kowane mako, yana kallon nauyin yana raguwa. Abokansa a wajen katanga sun yi masa tayin mafaka da takardun bogi, ya ƙi. Wilcinska kuwa ta riga ta tafi Falasɗinu kafin yaƙi, ta dawo Warso a 1939 saboda yaran. Sunanta ba ya fitowa kamar nasa, kamar dai yadda aka saba yi wa malamai mata, amma ita ce ke riƙe da gidan dare da rana.

Ranar 22 ga Yuli 1942 Jamusawa suka fara abin da suka kira mayar da mutane gabas. Suka buƙaci shugaban majalisar Yahudawa, Adam Cerniyakob, ya riƙa kawo dubban mutane kullum. Ya nemi a ware marayu, ba a ba shi tabbaci ba, washegari ya sha guba. An yi shelar cewa duk wanda ya kai kansa za a ba shi burodi kilo 3 da kilo 1 na ɗanɗanon shafawa, kuma yunwa ta sa dubbai suka je da ƙafarsu. Cikin wata biyu aka kwashe kimanin mutum 265,000. A makon farko na Agusta layi ya zo kan gidajen marayu. Waɗanda suka gani sun ce yaran Korcak sun fito a jere huɗu-huɗu, shi yana gaba riƙe da hannun yaro, Wilcinska na jagorantar rukuni na biyu. Mun taka wannan hanya da ƙafa, mu ma a watan Agusta, ta ɗauke mu kusan minti arba'in, mu ƙosassu masu takalma. Mai ja-gora ta gargaɗe mu kada mu ƙawata labarin ya zama wasan kwaikwayo. Ta ce yaran da yunwa suke, ana zafi, kuma a waɗannan kwanaki an kwashe sauran gidajen marayu na unguwar, ma'aikatansu da yawa suka bi yaransu, ba wanda ya yi musu mutum-mutumi.

Hanyar ta ƙare a titin Sitabki, a wurin da Jamusawa suke kira Umschlagplatz, ma'ana dandalin lodi da sauke kaya. Daga nan ake cusa mutane a taragun kaya. A 1988 aka gina abin tunawa a wurin: fararen bangaye huɗu, babu rufi, siffar tarago mai buɗaɗɗiyar ƙofa. Tun da ba wanda ya rubuta sunayen waɗanda suka bi ta nan, sai aka sassaƙa sunayen yanka kimanin 400 da Yahudawan Folan suka fi raɗawa, bi da bi bisa jerin baƙaƙe, kamar yadda muke tsara rajista. Muka tsaya muna haɗa baƙi. Abraham. Dawid. Izak. Yakub. Miriyam. Sara. Ɗaya daga cikinmu ya ce a hankali, wannan ai ajinmu ne. Ibrahim, Dauda, Isiyaku, Yakubu, Maryam, Saratu. Babu makarantar da ke wannan reshe da ba a kiran waɗannan sunaye kowace safiya.

Ba za mu daɗe kan boren Afrilu 1943 ba, lokacin da 'yan ɗaruruwan matasa da suka rage suka yi kusan wata guda suna fafatawa da sojojin Jamus da ƙananan bindigogi da kwalaben fetur. Mun ziyarci tudun da ke titin Mila mai lamba 18, inda shugabansu Mordekai Aniyelebic ya mutu tare da mutanensa, da babban mutum-mutumin jaruman geto inda shugaban gwamnatin Jamus ta Yamma, Wili Birant, ya durƙusa a Disamba 1970. Labari ne da ya cancanci zama na musamman.

Rana ta uku muka bi sawun taragun zuwa Tirebilinka, tafiyar kimanin kilomita 100 a mota, arewa maso gabas da Warso. Daji ne na dogayen itatuwa masu ganye kamar allura, ƙasarsa rairayi, tsit sai kukan tsuntsaye. Ba sansanin aiki ba ne, wurin kisa ne kawai. Tsawonsa kimanin mita 600, faɗinsa 400. Jamusawan da ke tafiyar da shi ba su fi talatin da 'yan kai ba, wato ba su kai malaman babbar firamare ɗaya a cikin gari ba, sai masu gadi ɗari da ɗoriya. A sauke mutane, a raba maza da mata, a ce su tuɓe za su yi wanka, a kora su ta wani lungu zuwa ɗakunan da ake tura wa hayaƙin inji. Cikin sa'o'i kaɗan an gama da jirgi guda. Daga baya har tashar ƙarya suka gina, da agogon fenti wanda hannunsa ba ya motsi. Daga Yuli 1942 zuwa kakar 1943 an kashe kusan mutum 900,000 a wannan fili, Yahudawa, da kuma wasu dubbai kaɗan daga al'ummar Roma. Waɗanda suka tsira ba su kai ɗari ba, mafi yawansu a boren 2 ga Agusta 1943. Kafin su tashi, Jamusawa suka tono gawarwaki suka ƙone, suka rushe gine-gine, suka yi huɗa, suka shuka furanni, suka zaunar da wani mai gadi a matsayin manomi.

Ga wani abu da zai taɓa malaman lissafi. A shekarar 2000 aka gano wata waya a ɗakin ajiyar takardun Ingila, wadda wani jami'in Jamus mai suna Hofle ya buga a Janairu 1943, 'yan leƙen asirin Ingila suka tare ta. Rahoton ƙarshen shekara ne na sansanoni huɗu. A gaban Tirebilinka an rubuta 71,355. Amma jimillar da ke ƙasa 1,274,166 ce, sauran ukun kuma idan aka haɗa su 560,611 ne. Ku ɗebe, za ku sami 713,555. Lamba biyar guda ɗaya ce ta faɗi a rubutu, ta tafi da mutum fiye da 640,000. Da ɗebewa irin ta aji biyar masana suka maido da su. Ba suna ko ɗaya a takardar.

Abin tunawa da aka buɗe a 1964 duwatsu ne 17,000 masu kaifi, manya da ƙanana, an kafa su a kankare sun bazu har iyakar gani. Guda 216 suna ɗauke da sunayen garuruwan da aka kwashe. Dutse ɗaya tak ke ɗauke da sunan mutum, an kafa shi a 1978: Korcak, da sunansa na yanka, da kalmar da ke nufin yara. Baƙi sun jera ƙananan tsakuwoyi a kansa, bisa al'adar Yahudawa idan sun ziyarci kabari. Muka tsaya nesa kaɗan, kowa ya yi shiru irin nasa.

A nan mai ja-gora ta gaya mana abin da ya hana mu barci. Shugaban sansanin a watan da aka kawo Korcak, mai suna Ebal, shi ma likita ne. Ya koyi aikin kisa da iskar guba a kan naƙasassu da masu taɓin hankali a Jamus kafin a turo shi. Likita ya sauka daga tarago da yara, likita ya karɓe su. Cikin manyan jami'ai 15 da suka zauna a Wanse, bayan garin Balin, ranar 20 ga Janairu 1942 don tsara yadda za a gudanar da kisan, takwas suna da digirin dakta. Mu da muke cewa ilimi gishirin zaman duniya, dole mu tsaya a nan mu yi tambaya: wane ilimi, a hannun wane malami? Domin malamai ma suna ɓangarorin biyu. A Afrilu 1933 aka yi dokar da ta kori Yahudawa daga aikin gwamnati, har da koyarwa, abokan aikinsu suka gaji kujerunsu. Zuwa 1937 kimanin kashi 97 cikin ɗari na malaman Jamus suna cikin ƙungiyar malamai ta 'yan Nazi. Littattafan lissafi suna tambayar yaro nawa gwamnati ke kashewa kan mai taɓin hankali, gidaje nawa za a gina da kuɗin. Ranar 15 ga Nuwamba 1938 aka kori yaran Yahudawa daga makarantun gwamnati, kuma wanda ya ja layi a kan sunan yaro a rajista malamin aji ne. Ba dukansu ne mugaye ba. Da yawa suna da iyali, suna jiran ƙarin girma, suna cewa umarni ne daga sama. Mun san wannan harshe. A Folan kuwa, ƙungiyar malaman ƙasar ta koma aiki a asirce tun Oktoba 1939, tana shirya azuzuwan ɓoye bayan da Jamusawa suka rufe makarantun sakandare da jami'o'i, kuma dubban malamanta sun rasa rayukansu. Ƙungiyoyi biyu, sana'a ɗaya.

A mota muna komawa, ɗaya daga cikinmu ya faɗi abin da muka san yana zukatan wasu a wannan zaure. Ya ce da wane ido za mu koma gida mu ce mun je jimamin Yahudawa, ga abin da ke faruwa da yaran Falasɗinu? Tambaya ce mai nauyi, ba mu share ta ba, kuma babu wanda zuciyarsa ba ta ƙuna kan yaran Gaza a cikinmu. Amma yaran Korcak an kashe su a 1942, shekara shida kafin a kafa ƙasar Isra'ila. Ba su ƙwace gonar kowa ba, ba su jefa bam a kan kowa ba. A ganinmu, wanda sai ya duba sunan uban yaro kafin ya yi masa kuka ya riga ya karɓi ƙa'idar da aka gina katangar nan a kanta. Mun yi gardama mai tsawo, ba mu gama shawo kan juna ba, har yanzu muna yi. Abin da muka haɗu a kai shi ne wannan: a bakinmu kalmar Bayahude zagi ce, muna jefa ta ga mai cin amana ko mai rowa, yara na ji. Akwai kuma sunayen da muke laƙaba wa 'yan wata ƙabila ko wani addini, da waɗanda su ma suke laƙaba mana, har a ɗakin malamai. Ba mu ce ƙasarmu Jamus ce ba, Allah Ya kiyaye. Amma mun ga rikice-rikicen da aka tare hanya ana tambayar suna, kuma akwai yaran gudun hijira a azuzuwanmu da za su iya ba da labari.

Daga ƙarshe, ga abin da muka soma gwadawa, domin kada a ce mun je yawon buɗe ido. Kun san yadda muke kiran rajista a aji mai yara casa'in ko ɗari: lamba ɗaya, lamba biyu, yaro ya amsa, cikin minti uku an gama. Ba muna kwatanta wannan da wayar Hofle ba ne, hakan zai zama rashin kunya, larura ce ta cunkoso. Amma da muka dawo muka gwada kanmu, sai ya zamana a cikinmu akwai wanda ya san lambar yaro bai san sunansa ba, bayan zango biyu tare. Tun daga makon farko na wannan zango muke kiran suna. Yana cin minti goma sha biyu daga darasin farko, wani hedimasta ya riga ya yi ƙorafi, kuma yana da hujja, domin manhaja ba ta jira. Mun kuma rataya akwatin takarda a aji biyar na makarantu biyu. Mako uku ke nan. Mafi yawan takardun kan bayan gida ne da satar fensir. Guda biyu ƙarar malami ce, ɗaya a cikinsu kan ɗaya daga cikinmu mu huɗun nan, kuma ba mu riga mun yanke yadda za mu yi da ita ba. Muna roƙon reshe ya ba mu minti goma a taro mai zuwa mu kawo rahoto, musamman kan batun lokacin rajista, wanda muke son jin shawarar iyayenmu tsofaffin malamai a kai. Hotunan tafiyar suna hannun sakatare ga mai son gani.